Yadda Na Bi Labarin Iro Mai Kora Kashi-Kashi

Kwanakin baya autata, wadda ke karatun aikin jarida, ta zo hutu ta same ni a zaure ina sauraron rediyo. Ta ce malaminsu ya ba su wata kalma su nemo ma'anarta, wai rahoto kashi-kashi. Ta riga ta duba a wayarta, ta samu layi biyu ta kwafe. Ni dai don ladabi ta tambaye ni, tunda ta san na taɓa aikin. Na ce mata abin da ta kwafe daidai ne, ta yi godiya ta shige cikin gida. Bayan tafiyarta na daɗe a zaune, rediyon na ta magana ba na jin abin da yake cewa.

A bakin tashar Daura, gefen da motocin Kano ke lodi, da akwai wata rumfar kwano inda ake sayar da jarida. Yanzu cajin waya ake yi a wurin, wayoyi jere a kan katako kowace da igiyarta. A wancan lokacin, ranar da jaridar Hausa ta mako ke isowa, tun hantsi za ka ga mutane sun fara taruwa, ana leƙen hanyar Kazaure. Direba na tsayawa, ɗan kamasho zai sauko da ƙunshin daga saman mota, a yanke igiya, ƙamshin tawada ya tashi. Masu saye ba su da yawa, masu saurare ne da yawa. Mutum ɗaya zai saya, ya koma teburin mai shayi, ya buɗe, ya gyara murya. Tela ya bar kekensa, mai faci ya bar tayarsa a cikin ruwa, 'yan acaɓa su kashe babura. Ba ka jin komai sai muryar mai karatu da ƙarar cokali a cikin kofi. In ya kai wurin da aka rubuta za a ci gaba a mako mai zuwa, sai ka ji an yi tsaki gaba ɗaya, kowa ya kama gabansa yana tsara yadda yake ganin abin zai ƙare.

Ni malamin firamare ne a lokacin, ban daɗe da aure ba, ina da tsohon babur da tafireta da na gada wurin wani yayana. Na fara aika wa jaridar ƙananan labarai ne don sha'awa: rijiya ta rufta, an raba taki, gobara a kasuwa. Da suka ga ban gaji ba, suka ce in zo Kano su gan ni. Editan wani dattijo ne Bazazzagi mai gilashi mai kauri, ba ya ɗaga murya. A bakinsa na fara jin yadda ake amfani da kalmar nan a wurin aiki, domin kafin nan ni a ganina duk abin da aka raba gida-gida sunansa kashi-kashi.

Ya ce, "Malam na Daura, kashi-kashi iri biyu ne. Akwai wanda ka gama rubutawa tsaf, ya yi wa shafi yawa, sai mu yanka shi uku ko huɗu. Wannan aikin almakashi ne. Akwai kuma wanda kake rubutawa alhali maganar ba ta ƙare ba, kai kanka ba ka san inda za ta tsaya ba. Shi ne wasu ke ce wa bibiya. Kowane kashi sai ka tuna wa mai karatu inda aka kwana, ka ba shi sabon abin da ya faru, ka tsaya nan. Ba ka ƙara masa da abin da kake zato."

Na ce na gane. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Za ka gane dai."

Lokacin ne aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jiharmu. Wanda bai ga shekarun nan ba da wuya ya fahimci yadda gari ya kasance. Lasifika ko'ina, wa'azi bayan La'asar a kowace unguwa, gidajen da ake sheƙe aya a bayan gari an rufe su, masu awon hatsi sun gyara mudu saboda ido. Talaka na tafiya da wani irin ƙarfin gwiwa, yana ganin yanzu shi da mai kuɗi za su tsaya daidai a gaban alƙali. Akwai tsoron Allah na gaskiya a ciki, na gani da idona. Akwai kuma masu jiran su ga ranar da za a fara yanke hannu a ƙasarmu kamar yadda suka ji an yi a wani wuri, su ma na gan su, a teburin shayi ɗaya muke zama.

Iro aikinsa korar shanu. In mutum ya sayi dabba a karar Mai'aduwa ranar Lahadi, ba ya son ɗaukar mota, sai ya damƙa wa irin su Iro su kora ta a ƙasa zuwa Daura ko Zango ko wani ƙauye. Aiki ne na amana tsantsa, babu takarda, babu shaida, sai dai a ce wane ya san wane. Iro siriri ne, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ba shi da yawan magana, sanda a kafaɗa da gorar ruwa. Wata Lahadi da yamma aka tare shi a hanyar Zango da wani farin bijimi mai jan tabo a wuya. Bijimin na wani attajiri ne a cikin gari, wanda zan kira Alhaji kawai, ya ɓata daga turkensa na bayan gari kwana biyu kafin nan. Iro ya ce wani dogon mutum mai ɗingishi ne ya ba shi a bayan kara, ya ce ya kai wa abokin cinikinsa a Zango. Aka nemi mai ɗingishi, babu shi. Aka je Zango, wanda aka ambata ya ce shi ba a gaya masa za a aiko masa da komai ba. Kafin magariba Iro na hannun 'yan sanda, gari kuma ya ɗauka.

Na rubuta labarin a daren Litinin, na sa a ambulan tare da hoton da mai hoton bakin kasuwa ya ɗauka, na ba direban farko na Kano. A samansa na rubuta kashi na farko, domin na san za a shiga kotu. Da jarida ta fito, ga Iro a shafin gaba, tsaye kusa da bijimi, ya sunkuyar da kai. Ranar mai rumfa bai koma gida da ko kwafi ɗaya ba. Ban rubuta cewa ɓarawo ne ba, na rubuta ana zarginsa. Amma mai karatu a teburin shayi yana kaiwa kan ana zarginsa sai ya wuce da sauri, masu saurare kuwa hoton suke miƙa wa juna.

Mako na zagayowa aka shiga kotu. Zauren ya cika, wasu a taga, wasu a kan katanga. Alƙalin tsoho ne mai farin gemu, yana magana kamar mai jin barci. Ya saurari Alhaji, ya saurari waɗanda suka tare Iro, sannan ya tambaya, "A cikinku wa ya ga lokacin da ya kwance san nan daga turke?" Ya ce, "An gan shi da shi a hanya, na ji. Ni kwancewar nake tambaya." Babu wanda ya gani. Ya juya ga Iro ya tambaye shi ko ya ɗauka. Iro ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ni aka ba ni." Alƙali ya ce a mayar da shi gidan yari, a ci gaba da neman mai ɗingishi, ya ɗaga shari'a. Wannan shi ne kashi na biyu. Na uku ma haka, an zauna an ɗaga. Na huɗu, mai gabatar da ƙara bai zo ba.

Mutane suka fara gundura. A teburin shayi wani mahauci ya ce wannan ai ba shari'a ba ce, irin ta da ce aka sa wa rawani. Wani malamin zaure da ke gefe ya ce masa hannun mutum ba reshen bishiya ba ne da zai sake tohowa, in akwai kokwanto ba a yin haddi, haka yake a littafi. Suka yi ta yi har shayi ya huce. Labarina ya sauka daga shafin gaba ya koma ciki. Na je gidan waya na kira edita, layi na ta ƙara kamar ana soya gyaɗa, na tambaye shi ko in bari. Ya ce, "Ban ce ka daina ba. Na ce ka taƙaita. Ko layi biyar ne, a san yaron yana nan."

A wannan tsakanin ne mahaifiyar Iro ta fara zuwa wurina. Sunanta Hajo, tsohuwa ce mai sayar da daddawa, daga wani ƙauye a hanyar Mai'aduwa. Da farko takan tsaya can nesa da teburin shayi, ƙwarya a ka, tana kasa kunne, tunda ba wurin zaman mata ba ne. Da aka nuna mata ni, sai ta riƙa jira na a ƙofar makaranta duk ranar jarida, a gindin wata bishiyar dogon yaro. In an tashi yara in fito, ta durƙusa, in ce ta tashi, ta ƙi. Sai in tsuguna ni ma in karanta mata. Ba ta katse ni. In na gama ta ce in sake daga farko.

Wata rana da na kai ƙarshe, ta matso kusa ta rage murya.

"Malam, tsakaninka da Allah, yaya abin zai ƙare?"

Na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta ce, "Haba ɗan nan. Ba kai kake rubutawa ba? Na ji an ce kashi-kashi kake sakinsa, kamar wasan rediyo. Su ai sun san ƙarshen nasu tun farko, ja mana rai kawai suke yi. Faɗa mini, wallahi ba zan gaya wa kowa ba. In yankewa za a yi, in fara shirya zuciyata."

Na yi mata bayani iyakar iyawata, cewa wannan ba irin wancan ba ne, ni ma ranar kotu nake ji kamar kowa, sannan in rubuta. Ta daɗe tana kallona. Ban ga alamar ta yarda ba. Ta buɗe ƙwarya ta ɗebo daddawa ta ƙulle a leda ta ajiye a kan kujerar babur ɗina. Na ce ta ɗauke, ta ce ba don wani abu ba ne, a kai wa amarya. Mako mai zuwa ta sake tambaya ta, da wanda ya biyo.

Yanzu in wani abu ya faru a Daura, kafin ka sa takalmi hoton ya kai Legas. Jikokina kan nuna mini, ga wanda aka kama, ga fuskarsa a kumbure, ga mutum ɗari suna tsine masa a ƙasa. Washegari wani ne kuma. In ka tambaya yaya aka ƙare da na jiya, sai a dube ka kamar ka tambayi abin shekaran bara. Ba zan ce mutanen da sun fi na yanzu tausayi ba, domin na ji abin da suka faɗa a kan Iro da kunnena. Abin da dai na sani, jiran mako guda yana sa mutum ya kwana da magana, ya juya ta, wani lokaci ya sauko. Shi ma mai rubutu yana da mako guda na hawa babur ya je ya gani.

Damina ta shiga, gero ya rufe hanyoyin ƙauye, Iro na gidan yari. Sai ga mai ɗingishi ya bayyana da ƙafarsa. Ba jaridata ce ta kawo shi ba, ko karatun boko bai iya ba. Ɗan kasuwa ne daga tsallaken iyaka. Bayan ya damƙa wa Iro bijimin a ranar, ya koma gida ya tarar an yi masa rasuwa can arewa, ya wuce, daga nan ciniki ya riƙe shi. Saƙon da ya ba wani ya kai Zango bai isa ba. Da ya dawo ya je wurin abokin cinikinsa neman sansa, aka ce ai sa yana hannun hukuma, wanda ya koro shi kuma yana jiran a yanke masa hannu. Ya zo kotu a fusace, ba don Iro ba, don bijiminsa. Ya zo da mutum biyu 'yan garinsu da aka yi cinikin a gabansu, a wata gona bayan gari. Alƙali ya tambaye shi wa ya sayar masa. Ya waiga ya duba zauren, ya nuna wani saurayi mai shadda da ke zaune bayan Alhaji. Babban ɗan Alhaji ne.

Alhaji bai waiga ya dubi ɗansa ba. Ya tashi a hankali ya ce ya janye ƙara, abin da ya rage maganar gida ce, zai sasanta da baƙo. Alƙali ya ce da Iro babu laifi a kansa, ya tafi gida. Ya ƙara da cewa Alhaji ya nemi gafararsa a gaban jama'a, Alhaji ya nema, muryarsa da kyar take fita. Iro ya ce ya yafe. Hajo na bakin ƙofa, ta kama hannayensa biyu ta riƙe.

Da yamma ina zaune gaban tafireta sai ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda rumfarsa ke jikin ta Alhaji a kasuwa. Bai taɓa zuwa gidana ba sai da dalili. Muka gaisa, ya ƙi shan ruwa.

Ya ce, "Ɗan nan, an sallami yaro, Allah ya rufa asiri. Me kuma ya rage da za ka rubuta?"

Na ce, "Kawu, ƙarshen ne ya rage."

"Ƙarshen ai kowa ya gani a kotu. Alhaji, bawan Allah, tun azahar bai fito ba. Kana so a karanta sunan ɗansa a Kano da Kaduna? Gari ɗaya muke, gobe da wane ido zan dube shi?"

Na ce masa waɗanda suka ga hoton Iro sun fi waɗanda suka shiga kotu yawa nesa ba kusa ba, kuma su ba su san an sallame shi ba. Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Daga baya na ce ba zan sa sunan yaron ba, ba zan ce ɗan wane ne ba, amma zan rubuta cewa daga cikin gidan mai shi bijimin ya fita, kuma Iro bai taɓa turken ba. Kawu ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ka dai yi abin da ka ga dama." Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Kashi na ƙarshe ya fito a shafin ciki, ƙasan tallan maganin sauro, babu hoto. Makon ana rikicin siyasa a jiha, shi ya cinye gaba. A teburin shayi mai karatu ya karanta shi a gurguje, wani ya ce ashe, aka wuce.

Na ɗauka magana ta ƙare, sai ga Hajo a gindin dogon yaro bayan 'yan makonni. Ta ce Iro na zuwa kara duk Lahadi, yana tsayawa inda ya saba, babu mai ba shi ko tunkiya. Waɗanda suka san an sallame shi suna cewa a dai yi hankali, waɗanda ba su sani ba suna mamakin ganinsa da hannu biyu. Ta ce, "Na farkon kowa ya ji shi. Na ƙarshen nan ka zo ka karanta musu da bakinka."

Wannan ba ya cikin aikin wakili, amma ranar Lahadi na ɗaure jaridar a bayan babur na tafi. Karar Mai'aduwa ba wurin karatu ba ce. Shanu na kuka, raƙuma na gurnani, dillalai na tafa hannu suna rantsuwa, ga taɓo har idon sawu. Na sami shugaban dillalai a rumfarsa na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin jarida ta biyo mutum kasuwa ba, amma ya sa aka buga wani tsohon faranti aka kira mutane. Na hau benci na karanta, ina ɗaga murya har maƙogwarona ya bushe. Waɗanda suka tsaya ba su da yawa. Iro na can gefe, ya jingina da sandarsa, yana kallon ƙasa kamar wani ake magana a kai.

Da na sauko, wani ya ce, "Mu dama mun san yaron nan ba zai yi ba." Wani ya ce ai shi tun ranar farko ya faɗa. Kowa ya gyaɗa kai, aka watse, kowa ya koma cinikinsa. Babu wanda ya kira Iro. Na zauna a rumfar na sha fura, rana ta karkata, na fara tunanin hanya. Can wajen La'asar wani tsohon falke daga Mashi, wanda ban ma ga ya tsaya sauraro ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Kai Iro, zo ka kai mini waɗannan Daura." Wata ramammiyar saniya ce da ɗan maraƙinta.

Iro ya kama igiya ya fito da su ta ƙofar kara. Da ya zo daidai inda nake tayar da babur sai ya tsaya. Tun da aka fara maganar nan ba mu taɓa yin magana ni da shi ba, sai dai in gan shi a kotu.

Ya ce, "Malam, yanzu an gama rubuta ni?"

Na ce, "An gama."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na gode. Amma don Allah, ko alheri ka ji na yi, kada ka ƙara sa ni."

Na ce masa ba zan ƙara ba. Ya ɗora sanda a kafaɗa, ya yi wa saniyar tsawa, suka hau gefen kwalta. Na bar su suka yi nisa kafin na tashi, don kada ƙarar babur ta firgita maraƙin.